Tambaya da Amsa: Yini Ɗaya a Tsibirin Inabi na Bozcaada

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana karatu a jami'ar garin Canakkale da ke ƙasar Turkiyya, kuma ni da mahaifiyarsa muna shirin kai masa ziyara a ƙarshen damina idan Allah ya kai mu. Ya ce zai kai mu wani tsibiri mai suna Bozcaada mu wuni muna kallon gonakin inabi, amma wani abokina da ke zuwa Santambul sarin kaya ya ce mini da giya wurin ya yi suna. Shin ya dace magidanci ya kai iyalinsa can, kuma yini ɗaya zai isa?
Daga wani Alhaji, unguwar Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokinka bai yi ƙarya ba, ɗanka kuma bai yi kuskure ba. Bozcaada tsibiri ne a Tekun Ejiyan, kusa da bakin mashigin ruwan Canakkale, faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 40 ba, mazaunansa na dindindin kuma ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. Wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙasarsa gonakin inabi ne, kuma gaskiya ne cewa mafi yawan abin da ake nomawa, irin su Kuntra da Karalahna da Vasilaki, matse shi ake yi a mayar da shi giya, sana'ar da ta daɗe a hannun Girkawan tsibirin. Sai dai akwai wani iri da ake kira Cawush, wanda inabin ci ne, kuma shi ne abin alfaharin mutanen wurin. A ganina, saboda shi kaɗai ma tafiyar ta cancanta.

Cawush yana da manyan 'ya'ya masu launi tsakanin kore da ruwan ɗorawa, ƙwallonsa kaɗan ne, ɓawonsa kuma siriri ne ƙwarai, har mutum ba ya jin sa a baki. Wannan sirantar ita ce ta hana shi jure doguwar tafiya, shi ya sa inabin da muke saye cikin 'yan robobi a hannun masu kayan marmari a Sakkwato, wanda aka zaɓa don taurin fatarsa ya kuma kwana cikin sanyi kafin ya iso, ba zai nuna maka ɗanɗanonsa ba. Za ka kuma lura cewa a tsofaffin gonakin kurangar gajera ce, ko ƙugun mutum ba ta kaiwa, ba a ɗora ta a kan rumfa ba. Dalilin haka iska ce, domin iskar arewa tana kaɗawa a tsibirin kusan duk shekara, kuma ita ce take busar da raɓa a kan ganye, ta rage cututtukan da laima ke kawowa. Idan manomi ya ɗaga ganyen da hannu, sai ka ga nonon inabin yana reto dab da ƙasa, ya ɓuya daga rana.

Inda nake so ka sake shawara shi ne lokacin tafiyar. Cawush yana nuna ne a watan Agusta, ana kuma yin bikin tsinkar inabi a farkon Satumba, inda ake ɗaukar baƙi a bayan tarakta da kwanduna zuwa gona. Ƙarshen daminarmu kan kai ƙarshen Satumba, lokacin da an riga an tsinke yawancin gonaki, don haka idan da hali ku matso da tafiyar zuwa makon farko na watan. Da hunturu kuwa kurangar ba ta da ko ganye, kuma akan soke tashin jirgin ruwa idan teku ta yi fushi.

Game da ko yini ɗaya zai isa, zai isa matuƙar daga Canakkale kuka tashi. Daga Santambul ba zai yiwu ba, ko da yake gadar da aka buɗe a 2022 a kan mashigin ta rage wahalar hanya, domin zuwa kaɗai zai cinye muku rabin yini. Daga Canakkale za ku yi kamar sa'a guda a mota zuwa tashar Geyikli, daga nan jirgin ruwa ya tsallaka da ku cikin rabin sa'a da 'yan mintuna. Ku bar mota a tashar ku shiga da ƙafa, saboda da zafi sai an kama wa mota gurbi tun da wuri, lungunan garin kuma matsattsu ne. Ku ɗauki jirgin safe, kuma kafin ku bar bakin ruwa yaron ya tabbatar da lokacin jirgin ƙarshe.

Abu na farko da ido zai gani daga cikin jirgi shi ne ganuwar dutse da ke tsaye a kan tashar, wadda Sarki Muhammad Alfatih na Daular Usmaniyya (ta Turkawa, ba tamu ta Shehu ba) ya sake ginawa a ƙarni na 15. Garin ya rabu gida biyu, unguwar Girkawa mai coci da unguwar Turkawa mai masallatai, kuma a can ne za ku yi Azahar, ko a masallacin Alaybey ko a na Koprulu Mehmed Pasha, wazirin da ya ƙwato tsibirin daga hannun mutanen Benis, birnin da ke Italiya a yau, a 1657. Yarjejeniyar zaman lafiya da aka ƙulla a birnin Lozan a 1923 ce ta bar tsibirin a hannun Turkiyya.

Batun dacewa kuwa, fatawa ta malamai ce, amma inabi a kan reshensa halas ne ba tare da saɓani ba, abin gudu shi ne teburin da ake zagayawa da kofi. Yawancin yawon da ake tallata wa baƙi yana ƙarewa ne a ɗakin ɗanɗana giya, saboda haka ɗanka ya yi amfani da Turkancinsa ya faɗa tun farko cewa gona kuke so ku gani, ku sayi inabin ci. Duk shagon da aka rubuta "şarap", wato giya, a ƙofarsa, ku wuce. Gidajen cin kifi na bakin tasha da yamma sukan cika da masu shan barasa, don haka ku ci abincinku da rana, ku sha shayi a dandalin tsakiyar gari ƙarƙashin babbar bishiyar da mutanen gari ke zama. Gaɓar Ayazma wurin wanka ne irin na Turawa, kuma ba na jin Hajiya za ta ji daɗin zama a can. Gara ku nufi yammacin tsibirin, wajen fitilar jiragen ruwa ta Polente da injinan lantarki masu aiki da iska, domin hanyar ta ratsa ta tsakiyar gonakin.

Tsaraba mafi dacewa ita ce matsattsen ruwan inabi da aka dafa har ya yi kauri kamar maɗi, wanda suke kira pekmez, sai kuma tumatir da ake dafawa da sukari a zuba a kwalba, wanda tsibirin ya yi suna da shi. Kada ka yanko reshe da niyyar dasawa a fadamar Kwalkwalawa, domin shigo da tsiro Najeriya sai da izinin hukuma. Idan sha'awar noman ta kama ka, manoman Kudan da ke kusa da Zariya suna noma inabi, kuma irin da ke hannunsu ya riga ya saba da ƙasarmu.