Malamai biyu a Dahab: wanda ya ce zan saba da zurfi, da wanda ya ce sai ya gwada ni

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Alƙahira, kuma duk hutu nakan je Bahar Maliya in yi nutso. Ina da katin Advanced na PADI, ƙungiyar koyar da nutso, da na naitiroks, wato iskar shaƙa da aka ƙara wa oksijin, nutsona ya kai 60 da 'yan kai. Yanzu ina so in shiga nutson zurfi mai zango a hanyar fitowa, wato wanda dole a riƙa tsayawa a hanya don naitirojin ya fita daga jiki. Na tuntuɓi shagunan nutso biyu a Dahab, wani gari a gaɓar Sinai a Masar. Malamin shagon farko ya yi min farashi mai sauƙi, ya ce cikin kwana 10 zai ratsa da ni ta ƙofar dutsen nan da ake kira Arch, a Blue Hole, ramin nan mai zurfi da ke cikin teku kusa da garin, da iskar da muka saba, ba sai na zubar da kuɗi wajen hiliyam ba, wato iskar nan mara nauyi da ake gauraya wa ta shaƙa. Ya ce shi ya sha zuwa mita 80 da iska zalla, jiki yana sabawa. Na biyun kuɗinsa ya kusa ninki biyu, ya ce sai ya fara ganina a ruwa mara zurfi, kuma ko na biya ba lallai ne ya ba ni kati ba. Na daɗe ina tara kuɗin nan. Ina tsoron na biyun tatsa ta zai yi, na farkon kuma zuciyata ta ƙi kwanciya da shi. A gida ma ba wanda ya san ina wannan shawara. Wanne zan bi?

Amsa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Kada ka ba na farkon ko sisi. Na biyun ban ce ka rufe ido ka bi shi ba, akwai abubuwan da za ka duba, zan zo kansu. Amma maganar da ya faɗa maka, cewa sai ya gan ka a ruwa kuma biya ba ya sayen kati, ita ce maganar da malami na gaske yake faɗa.

Bari in tsaya a kan wannan zance na "jiki yana sabawa", domin na gaji da jinsa. A jirgin ruwa, a teburin shayi bayan nutso, a bakin mutanen da suke da tarin katuna a aljihu, kullum sai wani ya faɗe shi yana murmushi kamar wani sirri ya ba ka. Ƙarya ce, kuma ƙarya ce da ta kashe mutane.

Mayen zurfi yana fara taɓa yawancin mutane daga wajen mita 30, ka riga ka san wannan. Abin da ba a gaya maka ba shi ne me yake sabawa idan mutum ya yi ta komawa. An gwada wannan a ɗakin matsi, inda ake ƙara matsin iska ya yi kamar na ƙarƙashin ruwa: mutum yana cewa ya daina jin mayen, amma idan aka auna saurin tunaninsa da aikin hannunsa, ba su gyaru ba. Jin mayen ne ya ragu, mayen yana nan daram. Wato ƙararrawar da take gaya maka ka hau sama ce ta yi shiru. Daidai yake da direban motar haya da ya haɗiyi ƙwaya yana rantse maka cewa idonsa ya fi buɗewa, don ya yi Kano zuwa Legas sau ɗari bai faɗi ba.

Ga yadda abin yake a ido. Ɗalibi a mita 45 da iska zalla, ka nuna masa alamar "iskarka nawa?" Ya ɗauko ma'aunin ya zuba masa ido, ya sake shi, ya sake ɗaukowa, sannan ya ɗago ya yi maka alamar lafiya lau. Ka ce ya rufe bawul ɗin silindarsa ta dama, hannunsa ya tafi na hagu, ya fara murɗawa a natse. Kun fito, ka tambaye shi yaya nutson, ya ce bai taɓa jin daɗi irin na yau ba, kuma maye bai taɓa shi ba. A ranar da komai ya tafi daidai wannan mutumin zai fito lafiya. Ranar da regileta, abin shaƙar iska da ke baki, ta fara tsiyaya, ko zaren alama ya naɗe masa ƙafa, ko abokinsa ya ɓace, ranar ake bukatar ƙwaƙwalwar da ya bari a mita 30.

Maye ma guda ne cikin uku. Yi lissafin oksijin da kanka, ai ka yi kwas ɗin naitiroks. Saman ƙofar Arch yana wajen mita 55 zuwa 56, matsin wurin ya kai bar 6.6, wato ninki 6.6 na matsin iskar sama. Ka ninka da 0.21, kason oksijin a cikin iska, ka tashi da kusan 1.4, wato kana daidai kan iyakar da ake yarda da ita a ƙasan nutso, ba ka da ko taku ɗaya na rara. A mita 66 ka kai 1.6. A mita 80 ɗin da malaminka yake taƙama da shi, 1.89. Farfaɗiyar oksijin ba ta sallama kafin ta shigo. Jiki ya sandare, regileta ta fita daga baki, shi ke nan. Babu wanda ya taɓa sabawa da ita. Wanda ya je mita 80 da iska ya dawo, kwanansa ne bai ƙare ba, ba gwaninta ba ce.

Na ukun shi ne wanda irin waɗannan malamai ba su ma san da shi ba: nauyin iskar. A zurfi iska tana yin kauri, huhu yana wahala wajen ja da turawa, kabon dayoksaid ya taru a jini. Shi kuma yana ƙara mayen, yana jawo farfaɗiyar oksijin kusa, yana kawo haki da firgici. Gavin Anthony da Simon Mitchell sun fitar da ma'aunin da masu wannan harka suke aiki da shi yanzu: iskar da kake shaƙa a so kada nauyinta ya wuce giram 5.2 a lita, iyaka ta ƙarshe 6.2. Iska zalla tana kai wannan iyaka tun a wajen mita 40. A bakin Arch ta doshi giram 8. Haɗin tirimiks, wato oksijin da hiliyam da naitirojin, mai oksijin 18 da hiliyam 45 cikin ɗari, a wannan zurfin, yana wajen giram 5. Aikin hiliyam ke nan. Ba ƙawa ba ce ta masu kuɗi.

Sannan ka dubi wurin kansa. Ƙofar rami ce mai tsawon kusan mita 26, dutse a samanka, ƙasanka kuwa babu abin da zai tare ka sai ka wuce mita 100. Idan kana saukowa daga cikin ramin ba ta saurin bayyana. Mutum a buge yakan wuce ta bai gani ba, ya ci gaba da sauka yana nema. Idan ya same ta, hasken da yake hangowa a ɗaya bakin yana yi masa kamar kusa ne, ga igiyar ruwa wani lokaci tana turo shi baya. Silinda mai lita 12 da aka cika bar 200 tana ɗauke da lita 2,400. Mai shaƙar lita 20 a minti a sama, a can lita 132 yake sha, cikin minti 18 ta ƙare ƙaf, in ya tsorata kuma rabin haka. Idan ka je ka tsaya ka karanta allunan tunawa da aka manna a jikin dutsen da ke bakin ruwan. A watan Afrilun 2000 Yuri Lipski, wanda shi ma malamin nutso ne, ya shiga da silinda guda ta iska, an tsamo gawarsa daga mita 115 da kyamararsa da ta ɗauki komai. Tarek Omar, wanda ya ɗauko shi, ya faɗa cewa tun farko ya gaya masa sai ya yi horon mako biyu, shi kuma ba shi da wannan lokacin. To yau wani ya zo yana sayar maka da kwana 10 da rangwame. In abu ya faru, shi ne na farkon cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

A yi adalci, hiliyam tana da tsada ƙwarai, kuma har gobe akwai kwasa-kwasan da ake yi da iska zuwa mita 50 ko 55 a wasu ƙungiyoyi. Ni ban yarda da su ba, ƙungiyar koyar da nutso ta GUE ma ba ta yarda ba, tana sa hiliyam da zarar an wuce mita 30. Amma ko waɗanda suka yarda suna da sharuɗɗa. Ƙungiyar TDI, alal misali, tana neman nutso 100 kafin ka shiga kwas ɗinta na mita 55 ko na tirimiks mai kai wa mita 60. Kai kana da 60. Ke nan mutumin nan ko dokar takardar ma ya shirya karyawa.

Batun wace ƙungiya, kada ya ɗauke maka hankali. TDI, IANTD, GUE, ɓangaren TecRec na PADI, duk suna da malamai na ƙwarai da na bogi, sai dai GUE ta fi tsanani wajen tace nata. Karɓi lambar malamin ka tabbatar wa kanka daga ƙungiyar cewa rajistarsa tana aiki, kuma an ba shi izinin koyar da wannan matakin. Shagon kuma ya zama yana da lasisin CDWS, hukumar da ke kula da shagunan nutso a Masar. Amma takarda a bango tana nuna an biya kuɗin sabuntawa ne kawai. Na ga shaguna da bangonsu ya cika da firam, kwamfaresarsu kuwa tana zuƙar hayaƙin janareta.

Malamin za ka tantance, shi ya sa gwajin da na biyun ya nema riba ce gare ka: yana kallonka, kai ma kana kallonsa. Ku sauka mita 6. Malamin kirki zai kwanta a ruwa a miƙe, bai taɓa ƙasa ba, ba ya fafutuka da hannu, ya kai hannu bayan wuyansa ya rufe bawul ya buɗe ɗaya bayan ɗaya, idonsa a kanka, zurfinsa bai motsa da rabin mita ba. Idan ka ga yana durƙusar da ɗalibai a kan yashi don koya musu wannan, tattara kayanka. Kusan duk rayuwar mai nutson zango a mita 6 take, yana shaƙar oksijin zalla, inda zamewa ƙasa kaɗan take kai shi bakin farfaɗiya, zamewa sama kuma take kai shi jinya a ɗakin matsi. Tambaye shi yaushe rabon da ya yi nutson zurfi don kansa, ba da ɗalibi ba. Tambaye shi ko ya taɓa hana wani kati, kuma me ya sa. Wanda ya ce ɗalibansa ba sa faɗuwa, kati yake sayarwa. Tambaye shi ku nawa ne a ajin. In an wuce uku a irin wannan kwas, ido ɗaya ba ya isa. Ka nemi ya haɗa ka da tsofaffin ɗalibansa, ka ji daga bakinsu.

A shago kada ka tsaya a gaban kanta inda ake rataye riguna masu kyau. Ce a kai ka baya, wurin cika iska. Duba inda kwamfaresa take zuƙo iska, da littafin da ake rubuta canjin matatarta. A nuna maka na'urar auna oksijin da ta hiliyam, kuma a bar ka ka auna kowace silinda da hannunka, ka rubuta haɗin da iyakar zurfinta a jikinta, ka sa hannu. Shagon da ya miƙo maka silinda ya ce "mun riga mun auna" ya faɗi jarrabawa. Shaƙar silindar da ba ta dace ba a zurfin da bai dace ba tana cikin manyan abubuwan da suke kashe masu wannan nutso. Ka ga akwatin oksijin na agajin gaggawa da idonka, a buɗe shi, kuma a gaya maka motar da za ta tafi da shi bakin ruwa. Akwai ɗakin matsi a Dahab da Sharm el-Sheikh, ka tambayi ko suna da lambar likitan da ke aiki ranar. Jinyar can tana cin kuɗi sosai, inshorar tafiye-tafiye ta gama-gari kuma yawanci ba ta ɗaukar nutson da ya wuce mita 30 ko 40, saboda haka ka yi ta masu nutso irin ta DAN, ka karanta ka ga ta haɗa da nutson zango da tirimiks.

Tsoronka na tatsa yana da magani: a rubuta maka komai kafin ka biya. Kuɗin koyarwa, hayar tagwayen silinda da regileta, farashin litar hiliyam da ta oksijin, kuɗin kati, da nawa ne kowace rana ta ƙari idan bai gamsu da kai ba. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan. Da nutso 60, abin da ya dace da kai a wannan hutun shi ne kwas ɗin share fage, irin Fundamentals na GUE ko Intro to Tech na TDI, in ya tafi daidai ka ɗora da matakin farko na zango wanda yake tsayawa a mita 40 zuwa 45. Sannan ka koma ka yi ta nutso a wannan matakin har hannunka ya faɗa. Ƙofar dutsen tana nan, ba inda za ta.

Kafin ka tafi ka ga likitan da ya san harkar nutso, ka gaya masa in akwai sikila a jininka, ko asma, ko in ka taɓa fitowa daga ruwa da ƙaiƙayi da shatar ja a fata, domin wannan kan sa a duba ko akwai 'yar kafa a zuciya, abin da kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake da shi bai sani ba. Bayan nutson zango ka ba da akalla awa 24 kafin ka hau jirgin sama, kuma wannan ya haɗa da ziyarar Ɗuri Sina da ɗalibai suke son haɗawa da tafiyar Dahab: dutsen ya haura mita 2,200, hawansa da naitirojin a jiki daidai yake da shiga jirgi. In kana son ziyarar, ka yi ta kafin ka fara kwas. Gida kuma ka faɗa musu. Fom ɗin shagon zai nemi sunan wanda za a kira in wani abu ya faru, bai kamata mutumin ya fara jin kana nutso daga bakin baƙo ba.