Rage tumbi ba tare da tsoka ta zube ba

Ɗan'uwa, ka ce ka rage cin abinci don tumbi ya sauka, kana tambaya ko ɗaga ƙarfe zai yi maka amfani ko wahalar banza ce. Ka ci gaba da ɗagawa, kada ka fasa. In jiki bai samu isasshen abinci ba, kitse da tsoka duka yake ci. Nauyin da kake ɗagawa shi ke nuna masa ana buƙatar tsokar, sai ya fi karkata ga kitsen. Sau uku a mako ya isa, kuma in sabon shiga ne mai jiki, tsoka ma za ta iya ƙaruwa kana raguwa.

Sharaɗin dai, ka rage malmalar tuwo, sukarin fura da lemon kwalba, amma ka bar abinci mai gina jiki. Ni a ƙauyenmu wajen Ringim, gwangwanaye biyu na cika da siminti na haɗa da bututun ƙarfe. Da farko komai na yanke, na rame da sauri, amma jarka mai lita 25 da nake ɗaukowa daga rijiyar burtsatse ta koma tana gagarata. Sai da na koma kan wake, awara, ƙwai da kindirmo ƙarfina ya dawo. Ka nemi kusan giram 1.6 na furotin, wato sinadarin gina jiki, a kowane kilo na nauyinka kullum, ƙwai ɗaya na da kusan giram 6 na furotin. Kuma don Allah kada saukar ta wuce kamar rabin kilo a mako.