Filin Tambaya da Amsa: Rubuta fim a matsayin furojet na ajin ƙarshe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji huɗu a sashen koyon wasan kwaikwayo, kuma an amince mini in rubuta cikakken fim a matsayin furojet. Na fara da zafi, na kai shafi 28, sai labarin ya tsaya cak. Saura wata bakwai in miƙa. Ina mafita?
Daga wata ɗaliba a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Inda kika cije ɗin nan, nan yawancin sababbin marubuta ke cijewa. A fim mai shafi 90, shafi 25 na farko gabatarwa ce: wace ce jarumar, me take nema, me ya tayar mata da ƙura. Wannan kashi daɗin rubutawa gare shi, don tun tuni yana cikin kanki. Kashin tsakiya, kusan shafi 45, shi ne mai bukatar tsari, ke kuwa kin shige shi ba ki san inda za ki ɓulla ba. Kin ɗora rufi ba ki kafa ginshiƙi ba.

Ki ajiye shafukan nan tukuna, kada ki yaga su. Ki rubuta labarin duka a jimla ɗaya ko biyu: wace ce, me take so, wa ko me ya tare mata hanya, me za ta rasa idan ta gaza. Idan jimlar ta ƙi fitowa, to labarin bai nuna ba. "Fim ne a kan auren dole" ba labari ba ne, jigo ne. "Amarya tana da kwana bakwai ta gano wanda ya ɗauke kuɗin sadakinta kafin a ɗora wa ƙaninta laifin", wannan labari ne, don akwai mai nema, akwai wa'adi, akwai abin asara.

Daga nan ki yanke ƙarshen fim ɗin, ko da za ki sauya shi daga baya. Sai ki zuba labarin a shafi 8 zuwa 10 kamar kina ba ƙawarki, ba tare da maganganun 'yan wasa ba. Wannan za ki kai wa malamin da ke duba ki. Gyara a shafi 10 aikin yini ne, amma idan ya ce jarumarki ba ta da dalili bayan kin cika shafi 90, kin yi asarar wata biyu.

Sannan ki yanka kwali ƙanana, 40 zuwa 60, kowane guda fitowa ɗaya. Ki rubuta wuri, waɗanda ke ciki, da abin da ya sauya kafin fitowar ta ƙare. Ki baje su a tabarma ki duba. Duk kwalin da ba abin da ya sauya a cikinsa, ki cire shi, komai daɗin hirar da kika shirya masa. Kusa da shafi 45 ki tabbatar wani abu ya juya lissafin jarumar, misali ta gano wanda ta dogara da shi ne ke yi mata zagon ƙasa.

Ga rabon lokaci: mako 5 na tsarin nan da bincike, mako 6 na rubutu, shafi 3 kullum sau biyar a mako, wato shafi 90 ke nan. Kada ki waiwayi baya kina gyara. Ki bar shi mako 2 ya huce, sannan gyara sau biyu aƙalla. Ki kuma ware makonnin jarrabawa da na rubuta babin sharhi, don sassa da yawa suna neman bayanin yadda aka gina aikin tare da shi kansa fim ɗin. Ki riƙa adana kowane kwafi da kwanan watansa, su ne hujjarki ranar kare furojet.

Tambaya: An ce mana shafi ɗaya minti ɗaya ne. Ni da Hausa nake rubutawa, shin wannan ƙa'ida ta shafe ni? Kuma wace manhaja zan yi aiki da ita?
Daga wani ɗalibi a Kano

Amsa: Malam, ta shafe ka, amma da sharaɗi. Lissafin yana tafiya ne idan ka bi tsarin da aka sani: harafin Courier mai girman 12, gefen hagu inci ɗaya da rabi, sunan mai magana a sama, maganarsa a matse a tsakiyar shafi. Kowace fitowa tana buɗewa da layi guda da ke faɗin ciki ne ko waje, wane wuri, da rana ko da dare. Manhajoji sun fi gane INT. (ciki) da EXT. (waje), don haka ka bar waɗannan biyun yadda suke, sauran ka yi da Hausa.

Abin da ke ɓata lissafi a wurinmu gaisuwa ce. Sallama, ina kwana, ya gida, ya yara, ya gajiya, a takarda layi kaɗan ne, a gaban kyamara su cinye rabin minti a kowace fitowa. Ka shiga fitowar bayan an gama gaisawa, sai fa inda gaisuwar ke da aiki, kamar surukar da ta ƙi amsa sallama. Ka tara abokai su karanta da babbar murya, kai kana gefe da agogo, ba ka karanta ko layi ɗaya. Inda suka yi tuntuɓe, jimlar ce ta lalace, sau da yawa don da Turanci ka tuna ta.

Batun manhaja kuwa, Final Draft na kuɗi ne. Trelby kyauta ne a kwamfuta kuma ba ya neman intanet. Ko Word ya isa idan ka daidaita shi. Amma kafin ka yi nisa ka gwada shafi ɗaya mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ, ka mayar da shi PDF ka buga, don wasu nau'o'in harafin kwamfuta kan mayar da su akwatuna.

Tambaya: Ni shiri mai dogon zango nake so in rubuta, kashi 52, irin waɗanda ake yayi yanzu a Kannywood. Malamina ya ƙi.
Daga wani ɗalibi a Jos

Amsa: Malaminka na da gaskiya. Kashi 52 na minti 30 shafi 1,560 ne, aikin gungun marubuta. Ka kai masa tayin da zai karɓu: cikakken kashi na farko, taƙaitaccen bayanin kowane kashi na zangon farko, a ce 13, da kundin jarumai mai bayyana halin kowa da alaƙarsa da sauran. Babbar tambayar da za a yi maka ita ce, me zai riƙa haifar da sabuwar rigima kowane mako? Idan zama ɗaya na dattawa zai kashe wutar, to fim ne a hannunka, ba dogon zango ba.

Tambaya: Wani furodusa ya ce in turo masa aikina ya duba. Ina tsoron ya sace.
Daga wata ɗaliba a Sakkwato

Amsa: Malama, Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare abin da aka rubuta, ba ta kare tunanin da aka faɗa da baki. Saboda haka kada ki ba shi labarin a waya ko a saƙon murya. Ki gama rubutun, ki yi masa rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta ƙasa don ƙarin hujja, ki tura ta imel domin kwanan wata ya zauna. Da farko taƙaitawa ta shafi ɗaya kawai za ki aika, cikakken aikin sai an yi yarjejeniya a rubuce mai faɗin kuɗi, yadda sunanki zai fito, da wanda ke da ikon gyara. Ki kuma tambayi sashenku ƙa'idar jami'a kan aikin ɗalibai, kuma kada ki sayar kafin ki kare furojet ɗin.