Sulusin Baba: masallaci, rijiya ko gidauniya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, mahaifinmu ya rasu a nan Gombe wata biyu da suka wuce. Yana kwance a asibiti ya faɗa a gaban aminansa biyu cewa a fitar da sulusin abin da ya bari a yi masa aikin alheri, bai dai ambaci wane aiki ba. Mu tara ne, uku ba su balaga ba. Yayanmu yana so a gina masallaci a unguwa, ƙanena ya ce rijiyar burtsatse a ƙauyenmu, ni kuma ina ganin gidauniyoyi a Facebook suna neman taimakon marayu da marasa lafiya. Yaya za mu zaɓa? Daga wata 'yar'uwa a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. 'Yar'uwa, kin fara da inda za a kai kuɗin, amma zan ɗan ja ki baya, domin a shekarun da na yi ina zaman rabon gado, yawancin ɓarnar da na gani tun kuɗin ba su bar gida ba take aukuwa.

Wasiyyar baki tana tabbata matuƙar mutanen nan biyu adalai ne, kuma Baba yana cikin hankalinsa ya faɗa. Ku sa su rubuta abin da suka ji yanzu, su sa hannu, tun magana ba ta fara sauya kama a bakin mutane ba. Sannan ba daga dukiyar a dunƙule ake yankar sulusi ba. Ana fara cire kuɗin likkafani da jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. A ce Baba ya bar abin da ya kai naira miliyan 30, ana binsa miliyan 6. Sulusinsa miliyan 8 ne, daga miliyan 24 da ta rage. Kuma kada ku tsaya ga bashin da ke rubuce. Akwai ragowar sadakin iyayenku mata idan da shi, da zubin adashe, da ajiyar mutane, da kuɗin maganin da wani ya ranta yana jin nauyin tambaya. Idan Baba ɗan kasuwa ne, kin san yadda ake cinikin buhuna a kasuwar Tudun Hatsi da baki kawai. A aika a yi cigiya a can kafin a taɓa ko kwabo.

Sulusi kuwa shi ne maƙura. Sa'ad bn Abi Waƙƙas, Allah ya yarda da shi, ya kwanta ciwo a Makka, a lokacin 'ya ɗaya gare shi, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku, Annabi (SAW) ya hana, ya nemi rabi, ya hana, ya amince da sulusi yana cewa sulusin ma da yawa, barin magada a wadace ya fi a bar su suna miƙa hannu. Idan manya a cikinku suna son ƙarawa, kowa ya ƙara daga rabonsa bayan ya karɓa. Ƙannenku uku, babu mai ikon yafe nasu a madadinsu, ko uwarsu, ko yayanku. Aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta yi magana mai tsanani a kan cin dukiyar maraya, kuma kyakkyawar niyya ba ta halatta shi. Haka abincin sadakar uku da bakwai da arba'in. Malamai sun yi saɓani a kan wannan al'ada, ba zan shiga ba a nan, amma babu mai cewa a sayi shinkafa da sa daga rabon yaron da bai san ana yi ba.

To, a zo ga zaɓi. Hadisin da kowa ya haddace ya ce aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Kalmar "mai gudana" nake so ki riƙe. Duk abin da aka kawo muku, ku tambaya: nan da shekara biyar, wane ne zai kula da shi, kuma da wane kuɗi? Wanda ya kasa ba ku amsar da ta ƙunshi sunan mutum da hanyar kuɗi, ku ajiye shawararsa a gefe tukuna.

Kafin ku leƙa waje, ku dubi dangi. Lokacin da Abu Ɗalha ya bayar da gonarsa Bairuha, wadda ya fi so cikin dukiyarsa, Annabi (SAW) ya ba shi shawara ya sanya ta cikin danginsa. Magaji dai ba ya cin wasiyya, don haka ku tara da iyayenku mata kun fita. Amma idan akwai ɗan Baba da ya riga shi rasuwa ya bar 'ya'ya, jikokin nan ba su da gado saboda baffanninsu suna raye, kuma sau da yawa su ne mafi buƙata a zuri'ar. Na sha ganinsu ranar rabo, suna rakuɓe a bakin zaure ana kiran sunaye ba a kira nasu ba. Kuɗin makarantarsu daga sulusin kakansu sadaka ce kuma zumunci ne. Haka ƙanwar Baba da miji ya rasu ya bari, ko yaron shagon da ya yi masa shekaru yana hidima.

Maganar yayanku ta masallaci tana da falala babba, kuma hadisi ya tabbatar da gida a Aljanna ga wanda ya gina. Sai dai ki roƙe shi ya fita da asuba ya ƙirga masallatan da ke tsakanin gidanku da bakin titi. A unguwanni irin su Jekadafari, Bolari da Pantami, kana tsaye a ƙofar wani masallacin kana jin iƙamar wani. Ƙara na biyar a layin da ke da huɗu raba sahu yake yi. Idan zuciyarsa tana kan masallaci, akwai sababbin unguwannin bayan gari da ƙauyukan da ake salla a ƙarƙashin rumfa, akwai kuma tsofaffin masallatai masu yoyo, ba wurin alwala, ba makewayi, ladan da mai shara ba su da ko sisi. Gyaran irin waɗannan ba ya zuwa da allon suna, shi ya sa ba a rububinsa.

Ƙanenki ma yana da hujja. Sa'ad bn Ubada ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ce ta fi ga mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa ruwa, ya haƙa rijiya ya ce wannan ta Ummu Sa'ad ce. Kuma ruwa ba ya tambayar addinin mai sha, Musulmi da Kirista da dabba duk su sha, lada na tafiya. A jihar da ko cikin gari, duk da ruwan da ake turowa daga Dadin Kowa, wasu unguwannin da 'yan ga-ruwa suka dogara, ba sai an faɗa miki darajar ruwa ba.

Amma bari in ba ki labarin abin da ya same ni. Shekarun baya na sa hannu aka yi wa wani mamaci rijiyar burtsatse a wani ƙauye, da tanki da sola, aka yi addu'a, aka ɗauki hotuna, muka dawo gida muna murna. Bayan kamar shekara biyu hanya ta bi da ni. Na tarar da awaki kwance a inuwar tankin, kan famfunan duk an kwance, allon sunan marigayin ne kawai yake nan daram. Ina tsaye wasu 'yan mata suka wuce da jarkoki a ka, sun nufi tafki, ko kallon wurin ba su yi ba. Injin da ke turo ruwan ne ya ƙone, gyaran bai taka kara ya karya ba, amma ba a ɗora wa kowa alhakin ba, kowa yana jiran masu rijiya su dawo. Laifina ne, domin ban ware ko naira ɗaya ta gyara ba, ban kuma zauna da mai gari ba. Har yau abin yana ci min rai.

Don haka idan rijiya za ku yi, a fara kawo masu auna ƙasa su duba zurfin ruwa. A sassan Akko, Kwami da Dukku ruwa na da nisa ƙwarai, kuɗin da zai ba da rijiya a fadama ba zai kai ko'ina ba a can. Ku rubuta yarjejeniya da mai haƙa, ku riƙe wani kaso sai ruwa ya yi makonni yana zuwa. A kafa kwamitin mutanen gari har da mata, tunda su da yara ke ɗiba, a amince da ɗan abin da za a riƙa karɓa a kan jarka don gyara. Inda ruwa yake kusa, famfon tuƙa-tuƙa da makanikin ƙauye zai iya kwancewa ya ɗaura ya fi babban tankin da sai an kira injiniya daga birni.

Sai gidauniyoyi. Akwai na Allah a cikinsu, masu aiki ba dare ba rana, akwai kuma waɗanda hoton maraya ne jarinsu. Ki nemi lambar rajistarsu ta hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ki duba sunan a shafin hukumar, ki ga su waye amintattun. Ki tambayi takardar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC wanda ake buƙatar ƙungiyoyin agaji su yi rajista da shi. Asusun banki ya zama da sunan gidauniyar, ba na shugabanta ko matarsa ba. Takarda dai ba ta sa mutum amana, iyakarta ta ba ki wanda za ki kama. Abin da ya fi takarda shi ne ƙafa: ki je ba tare da sanarwa ba, ki ce a nuna miki aikin shekara uku baya, wanda aka daina ɗaukarsa hoto. Ki tambaye su cikin kowace naira 100 nawa ke tafiya a albashi da mai da haya. Mai gaskiya zai faɗa ba tare da ɓacin rai ba, domin aiki ba ya yiwuwa sai da ɗawainiya. Wanda ya ce ko kwabo ba ya taɓawa, ko ya ce a turo kafin Juma'a kada lada ya wuce, ki kama kanki. Ni kuma duk wanda ke baza fuskokin marayu da majinyata a intanet suna kuka, ba na ba shi, ko da kuɗin suna isa. Wanda bai tsare mutuncin yaro ba, da wuya in amince ya tsare min amana.

Idan lafiya ce ta tsaya miki a rai, tunda a asibiti Baba ya cika, ba sai ta hannun kowa ba. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe suna da sashen jin daɗin marasa lafiya da ya san waɗanda suka kasa biya. Ki tsaya minti goma a tagar kantin magani, za ki ga dattijo riƙe da takardar likita yana ƙirga canji yana sake ƙirgawa. Akwai asibitin masu saran maciji a Kaltungo, inda manoma da makiyaya ke yawaita lokacin noma da girbi, da cibiyar masu yoyon fitsari ta ƙasa da ke Ningi a jihar Bauchi. A biya a asusun asibiti, a karɓi rasit.

Da ni ne wasiyyin Baba, ba zan kashe sulusin gaba ɗaya a gini ba. Zan ware na dangin da ba su gada ba, sannan mafi yawan sauran in mayar da shi waƙafi. Asalinsa filin da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar, Annabi (SAW) ya ce masa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa. Idan a cikin dukiyar akwai shago ko gidan haya da kuɗinsa bai wuce sulusi ba, a fitar da shi a matsayin sulusin, hayarsa ta riƙa gyara rijiyar ƙanenki, ta biya ladan da wutar masallacin da yayanku ya zaɓa, ragowar ta tafi asibiti duk shekara. Kin ga ku ukun kowa ya samu nasa, kuma ba ku dogara da aljihun kowa ba.

Sharaɗin shi ne rubutu. A rubuta wace kadara ce da iyakokinta, wa zai amfana, wa ke kula da ita, wa zai gaje shi idan ya rasu ko ya gaza, nawa ne ladan wahalarsa, da kason da za a riƙa ajiyewa don gyaran ginin kansa kafin a raba komai. Masu kula su zama uku, ɗaya daga wajen gidanku. A kai takardar gaban alƙalin da ya raba gadon ya tabbatar, a kuma je GOGIS, hukumar kula da takardun filaye ta jihar Gombe, a gyara takardun filin, don kada jikoki su taso su tarar da shi da sunan Baba su ɗauka gado ne. Kowane ɗayanku tara ya samu kwafi, na ƙananan a ba mahaifiyarsu ta ajiye musu har su girma.