Uba zai iya sayar da gidan da yara suka gada daga uwarsu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta malam. Yayata ce ta rasu, ta bar miji da yara uku, maza biyu mace ɗaya, babban shekararsa 14, sai mahaifiyarmu, shi mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Ta bar gida a Rigasa cikin Kaduna da kuɗinta ta saya, 'yan haya ne a ciki kuma har yau ba a raba gado ba. Mijin ya yi sabon aure, yanzu ya sa dillalai wai zai sayar da gidan ya biya bashin da ya ci ya ƙara jari a shagonsa, da muka yi magana sai yace wani malami ya gaya masa Annabi (SAW) yace kai da dukiyarka duk na mahaifinka ne, don haka ba ruwan kowa da shi da 'ya'yansa. Ya kuma cire babban daga makaranta ya kai shi koyon walda a Panteka, ɗan abin da yaron yake samu shi ke karɓa. Ni malam niyyata in kai shi wajen 'yan sanda ko 'yan kare haƙƙin yara a ƙwace yaran gaba ɗaya. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙanta da rahama, ya raya abin da ta bari.

Ɗan'uwa, akwai wata magana da ka faɗa ka wuce kamar ba komai ba alhali ita ce ta fi komai nauyi a tambayar nan, wato har yau ba a raba gado ba. Indai haka ne to wannan gida ba na yaran ne su kaɗai ba balle ace ubansu zai yi yadda ya ga dama da shi. Bayan an fitar da bashin da ake bin mamaciya da wasiyyarta in ta yi, sai a kasa abin da ya rage kashi 12, miji ya ɗauki 3, mahaifiyarku 2, yara su raba 7, namiji rabon mata biyu. Kai ba ka da komai a ciki tunda akwai 'ya'ya maza. Kaga ko da za mu sallama masa duk abin da yake faɗa game da 'ya'yansa, tsohuwar nan fa ba 'yarsa ba ce, sayar da kasonta ba da yardarta ba ƙwace ne, kuma kasonta na kuɗin hayar da ya karɓa tun rasuwar bashi ne a wuyansa. In ma nasa kason kawai ya sayar wa bare tana da haƙƙin shuf'a, ta biya kuɗin ta karɓe, tunda gidan na tarayya ne ba a raba ba.

Sai rabon yaran. Gaskiyar da ba za ta maka daɗi ba ita ce uba shi ne waliyyin dukiyar ƙananan 'ya'yansa, bayansa sai wanda ya yi wa wasiyya, bayansa sai alƙali, kawu ba ya cikin wannan jeri. A Mukhtasar na Shehu Khalil uba yana da damar sayar da kayan ɗansa ƙarami ko bai faɗi dalili ba, saboda ana kyautata masa zato cewa amfanin yaron yake nema. Amma Ibnu Asim a Tuhfa ya ƙarasa maganar, cewa in ta bayyana ba haka ba ne to ana warware abin da ya yi. Shi kuwa wannan bawan Allah, in dai yadda ka faɗa haka ne don ɓangare ɗaya na ji, da bakinsa ya faɗi inda kuɗin za su, bashinsa da shagonsa. Ya rushe kyakkyawan zaton da kansa. Bashin uba ba ya hawa kan ɗa. Da cewa ya yi zai juya musu kuɗin, a rubuta a kafa shaidu riba tasu ce, da hukuncin ya canza, don Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyadina Umar ya yi umarni a riƙa juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta, amma ko a hakan ni ban ga maslaha ba a sayar da gida mai kawo haya a zuba a shagon da ake bin mai shi bashi.

To hadisin da aka ba shi. Hadisin yana nan, Ibnu Majah ya ruwaito shi daga Jabir, Abu Dawud da Imamu Ahmad sun kawo shi ta hanyar Amru ɗan Shu'aibu, malamai da yawa sun inganta shi, kuma Hambaliyya sun ɗauke shi a zahirinsa sun ce uba zai iya ɗauka daga dukiyar ɗansa babba ko ƙarami ko ba ya cikin buƙata. Ban ɓoye wannan ba. Sai dai malamin da ya ba shi fatawar rabin magana ya ba shi, don su kansu Hambaliyyan sun sa sharuɗɗa, Ibnu Ƙudama ya ambace su a Mughni: kada ɗaukar ta cutar da ɗan ko ta taɓa abin da yake buƙata, kuma kada a ɗauka daga wani ɗa a ba wani. Yanzu dan Allah yara uku da suka rasa uwa, abin da suka mallaka a duniya gida ɗaya ne, ka sayar ka biya bashinka, wace cutarwa ce ta wuce wannan? Sannan jarin da za a ƙara gobe in ya mutu 'ya'yan amarya za su shigo su gada, kaga an kwashe daga wasu 'ya'ya an ba wasu kenan ta bayan gida, alhali Annabi (SAW) ya ƙi yin shaida a kan kyautar da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi masa shi kaɗai, wannan kuma da dukiyar uban ce ma ba ta yaran ba. Wato ko a mazhabar da ya laɓe a bayanta bai tsira ba.

Su kuwa Malik da Abu Hanifa da Shafi'i cewa suka yi uba ba ya ɗauka sai gwargwadon buƙata, kuma wannan shi ne ya fi ƙarfi a wajena. Duba ayar gado a suratun Nisa'i, idan mutum ya mutu ya bar uba da ɗa namiji sudusi Allah ya ba uban, da dukiyar tasa ce tun asali ai da kwashewa zai yi gaba ɗaya ba a kira shi magaji ba. Kuma zakkar dukiyar yaro daga dukiyar yaron ake fitarwa, ba a haɗa ta da ta uban a cika nisabi. Abin da hadisin yake koyarwa shi ne kada ɗa mai hali ya yi wa ubansa ƙoro, in uba ya talauce ciyar da shi wajibi ne daga dukiyar ɗan ko da ɗan jinjiri ne. Mutumin da yake da shago har ya iya sabon aure ba shi ne wannan talakan ba. Shi a kan dukiyar nan mai gadi ne ba mai kaya ba. Abin da aka yarda masa shi ne ya ciyar da yaran ya tufatar da su ya biya makaranta daga kasonsu na haya, don a Risala ma wajabcin ciyarwa daga aljihun uba a kan yaran da ba su da dukiya ne.

Maganar yaron da walda, koyon sana'a ba laifi ba ne, alheri ne ma, amma abin da ya samu nasa ne, a yi masa hidima da shi ko a ajiye masa. Cire shi daga makaranta kuwa kuskure ne, dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta tilasta firamare da ƙaramar sakandare, kuma in hukuma ta tilasta abin da yake maslaha ce ga yaro binta wajibi ne. Ya je makaranta da safe, Panteka bayan an tashi ko ranakun da babu karatu, kada kuma islamiyya ta salwanta a tsakani.

Yanzu kai. Hukuma tana da ikon shiga tsakanin uba da ɗansa in cutarwa ta tabbata, wannan ba baƙon abu ba ne a shari'a, kuma mu a garin nan mun ga dalili da idonmu a watan Satumba na 2019 lokacin da aka fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa, da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, yardar iyayen ba ta halatta abin da aka yi musu ba. Akwai dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, jihar Kaduna ma ta yi tata a 2018. Amma ikon hukuma shi ma yana da iyaka, gwargwadon cutar gwargwadon shigarta, a riƙe hannun uban daga dukiyar in ta kama, ba a raba shi da 'ya'yansa ba tunda ba ka ce yana azabtar da su ko yana barinsu da yunwa ba. Ofishin 'yan sanda ba wajen rabon gado ba ne, abin da za ka samu a can kawai a tozarta uban yara a gaban yaransa, kuma wallahi su yaran ba za su gode maka ba in sun girma. Shi ne fa waliyyin yarinyar nan ranar aurenta ko kana so ko ba ka so. Na ji zafin 'yar'uwarka a cikin rubutunka, da kuma haushin auren da ya yi, ka cire na biyun daga ranka, aure halal ya yi, kuma ka kame bakinka daga amaryar da ba ka da hujja a kanta.

In riƙon yaran ne damuwarku to a mazhabar Malik bayan uwa kakar wajen uwa ce ta fi cancanta, tana gaban uba ma, in tana da lafiya da wurin da za ta riƙe su, amma ita za ta nema ba kai ba, kuma riƙo daban waliccin dukiya daban.

Abin yi, ku fara samun wani dattijo da yake jin nauyinsa ko limamin unguwarsu a zauna a karanta masa wannan, sau da yawa mutum bashi ne ya shaƙe shi yake neman fatawar da za ta ba shi iska, in ma akwai mai hali a cikinku ya sayi kasonsa na kashi 3 ya biya bashinsa da shi an huta. In ya ƙi sai mahaifiyarku ta shigar da ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta nemi rabon gado tunda ita magajiya ce, a nan za a roƙi alƙali ya dakatar da cinikin, ya tabbatar da kason yaran a rubuce, in ya ga dama ya naɗa amintacce mai sa ido. Ku sanar da dillalan da mai unguwa tun yanzu cewa gidan na magada ne, ku adana takardun, in an gama ku bi ta KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, a gyara takarda da sunan masu haƙƙi. Wallahu a'alam.