"Natan": Aikatau na Bayarwa a Ibrananci

Tambaya: Malam, a ajinmu na nazarin Littafi Mai Tsarki an ce mana "natan" na nufin "ya bayar". Amma a Farawa 1:17, inda aka ce wannan kalmar ce aka yi amfani da ita, cewa aka yi Allah ya "sa" haskoki a sararin sama. Kuma wai "tet" ma daga ita ta fito. Ta yaya?

Amsa: 'Yar'uwa, mai fassarar bai yi kuskure ba. Saiwar kalmar baƙaƙe uku ne, nun, taw, nun, kuma ta zo kusan sau 2,000 a Tsohon Alkawari. Kalmar da aka mora haka ba ta tsayawa kan ma'ana ɗaya. Idan abu ya tafi hannun mutum, bayarwa ce, kamar yadda Hawwa'u ta ba mijinta 'ya'yan itacen a Farawa 3:6. Idan ya tafi wani wuri, ajiyewa ce. Idan mutum aka ɗora kan muƙami, naɗi ne: da ita Fir'auna ya shugabantar da Yusufu kan ƙasar Masar a Farawa 41:41. Wani lokacin ma izini take nufi. Ai mu ma muna cewa ba da baya, ba da kai, ba da gaskiya, ba kuwa wanda ya miƙa wa wani komai.

Wadda ta fi taɓa ni ita ce ta Farawa 45:2. Da Yusufu ya kasa daurewa a gaban 'yan'uwansa, Ibranancin cewa ya yi ya "ba da muryarsa da kuka", har Masarawa suka ji. Mu sai mu ce ya fashe da kuka. Akwai kuma "mi yitten", wato "wa zai bayar?" Ba tambaya ba ce, buri ne, daidai da "ina ma" tamu. Da ita Isra'ilawa suka buɗe gunaguninsu a Fitowa 16:3: ina ma mun mutu a Masar.

Batun "tet" kuwa, naso ne. Nun mara wasali takan narke cikin baƙin da ke bin ta. Wanda ya yi tajwidi ya san wannan da sunan idgami, mu ma "rigar Musa" takan fito a bakinmu "rigam Musa". Shi ya sa ba a cewa "yinten", sai "yitten", zai bayar. Abin da ya bambanta natan da sauran 'yan'uwanta shi ne nun ta ƙarshe ma tana narkewa: "natatti", na bayar. A umarni kuwa, nun ta farko ce ke faɗuwa, "ten", ba da. A "tet", bayarwa, duka biyun sun ɓace, taw kaɗai ta rage daga saiwar. Ɗalibi ya yi ta laluben ƙamus ƙarƙashin taw, alhali ƙarƙashin nun take.

Kin ma daɗe da sanin kalmar a cikin sunaye. Annabi Natan, "ya bayar". Yonatan, "Ubangiji ya bayar". Matiyu daga Mattityahu, "kyautar Ubangiji", ɗan'uwan sunanmu Kyauta. Kuma da Ayuba ya rasa 'ya'yansa da dukiyarsa, natan ce a bakinsa, a sura ta 1 aya ta 21: Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa.