Ta ina zan fara da kiɗan share fage na Rossini?

Malam, ka tambayi inda mai koyon gogen Turawa zai fara da kiɗan da Rossini, mai tsara kiɗa ɗan Italiya, ya riƙa buɗe wasanninsa na opera (wasan kwaikwayo da ake yi da waƙa) da shi. Shawarata ita ce ka fara da na Il barbiere di Siviglia na 1816, wanda ya ɗauko daga wani wasansa na 1813. Ka kasa kunne ga dabararsa: yakan maimaita gajeren zubi guda, kowane zagaye yana ƙara makaɗa da ƙarfin sauti, har tsikar jiki ta tashi. A nan masu koyo ke tuntuɓe, domin da sauti ya ƙaru sai hannu ya so gaggawa, saboda haka ka fara ƙasa-ƙasa sosai, kuma kada ka ƙara sauri ko kaɗan. Na Guillaume Tell, na 1829, ka bari sai hannunka ya faɗa.